Bindiga Mai Sakata: Abin da Mafarauci Ke Dubawa Kafin Ya Zaɓi Makamin Farautar Manyan Namun Daji

Duk wanda ya shiga shagon bindigogin farauta a Jamus ko Amurka ko Afirka ta Kudu zai tarar da cewa mafi yawan waɗanda aka jera a bango aikinsu iri ɗaya ne, ko da kamanninsu da farashinsu sun sha bamban. Kowace tana da wani sandan ƙarfe a bayan bututunta, mai ɗan hannu a gefe, wanda ake ɗagawa a ja baya, a tura gaba, a sake kwantar da shi, kamar dai yadda ake zare sakatar ƙofa a mayar da ita. Wannan ne dalilin kiranta bindiga mai sakata. Jan sakatar baya yana fizgo kwanson harsashin da aka harba ya wurgar da shi gefe, tura ta gaba yana ɗauko sabon harsashi daga gidansa ya shigar da shi makwancinsa a gindin bututu, kwantar da hannun kuma yana kulle haƙoran sakatar a jikin ƙarfen bindigar, domin su tare matsin albarushi a lokacin da ya tashi. Babu wani sashe da ke motsawa da kansa, komai hannun mai harbi ne ke yinsa, kuma wannan sauƙin ne ya sa ta fi sauran ƙarko, ta fi su daidaita harbi, ta kuma fi su samun karɓuwa a wurin dokokin farauta na ƙasashe da dama.

Tsarin da ake gani yau ya kankama ne a hannun Paul Mauser, maƙerin garin Oberndorf na Jamus, wanda sojojin ƙasarsa suka karɓi bindigarsa a shekarar 1898. Ingancinta ya kai har Amurka ta kwaikwaye ta a bindigar sojanta ta 1903, daga baya kuma ta biya kamfanin Mauser kuɗin haƙƙin ƙirƙira. Winchester Model 70 da ta fito a 1936, da Ruger M77 ta 1968, da CZ 550 ta ƙasar Cek, duk jikokin waccan ƙira ce. Shekara fiye da ɗari da ashirin ke nan, amma abin da aka canza a cikinta bai taka kara ya karya ba.

Kuskuren da sabon mai saye ya fi yawan yi shi ne ya fara da tambayar wace bindiga ce ta fi kyau, alhali tambayar farko ita ce wace dabba zai fita nema, a wane irin daji, kuma daga wane nisa. Abin da Turawa ke kira matsakaitan namun daji ya haɗa dabbobin da nauyinsu ke tsakanin kilo kamar ashirin da biyar zuwa ɗari da hamsin, wato ajin barewa da mariya da mazo da mugun dawa, ko barewar Amurka mai farar wutsiya. Manya kuma su ne ajin gwanki da gwambaza, waɗanda ke haura kilo ɗari biyu, har zuwa katafaren barewar arewacin Turai da Kanada wadda namijinta kan wuce kilo ɗari biyar. Sama da su akwai aji na uku da ba nauyi ne kaɗai ya ware shi ba, wato dabbobin da kan juyo su far wa wanda ya harbe su, irin su ɓauna da giwa da dorina da zaki. Bindigar da ta dace da aji na farko da na biyu tana iya zama guda ɗaya, amma aji na uku nasa hukuncin daban ne.

Ba a bar wannan rabe-raben ga ra'ayin mafarauci ba, domin hukumomi sun sa shi cikin doka. A Jamus ba a harbin manyan dabbobi masu kofato da harsashin da faɗinsa bai kai milimita 6.5 ba, kuma dole ƙarfinsa ya kai jul 2,000 a nisan mita 100 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin da harsashi ke tafe da shi). A Namibiya ana buƙatar ƙarfin jul 1,350 ga ƙananan barewa, 2,700 ga manyan barewa, sannan 5,400 ga ɓauna da giwa. Zimbabuwe ta gindaya faɗin milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300 ga giwa da ɓauna da dorina. Manufar waɗannan ƙa'idoji ɗaya ce, kada a raunata dabba ta shige kurmi ta kwana tana jin jiki. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora duk sauran zaɓin a kansa, kuma ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi yana jin cewa ko rago za a yanka sai an wasa wuƙa an hutar da shi. Mafaraucin da ya taɓa bin sawun jini tun hantsi har faɗuwar rana, ya dawo hannu rabbana yana sane da cewa dabbar tana can da harsashi a ciki, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Da zarar an san dabbar, sai a koma kan harsashi, domin a zahiri harsashi ake fara zaɓa kafin bindiga. Sunayen harsasan kan rikita mai koyo, saboda wasu da inci aka auna su, wasu da milimita, wasu kuma an liƙa musu shekara ko sunan kamfani. Wanda ake kira .30-06 faɗinsa kashi talatin cikin ɗari na inci ne, wato milimita 7.62, lambar 06 kuwa tana nuna shekarar 1906 da sojojin Amurka suka fara amfani da shi. Wanda ake kira 7x57 faɗinsa milimita 7 ne, tsawon kwansonsa kuma milimita 57, kuma tun 1892 yake. Ga matsakaitan dabbobi, .243 Winchester na 1955 da 6.5x55 na ƙasashen Suwidin da Norwe da 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007 duk sun wadatar. Ga wanda ke son bindiga guda da za ta yi masa aiki daga barewa har gwanki, .270 Winchester na 1925 da .308 Winchester na 1952 da .30-06 su ne aka fi komawa gare su. Na ƙarshen yana jefa ƙwaya, wato kan harsashin da ke fita ta bututu, mai nauyin giram 11.7 da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa, na .270 kuma yana jefa mai giram 8.4 da gudun kusan mita 930, saboda haka tafiyarsa ta fi miƙewa kaɗan a fili. Masu musu a kan waɗannan ukun sun shafe shekaru da dama suna yi, amma a nisan da akasarin farauta ke faruwa, wato ƙasa da mita 250, dabbar da aka samu a huhu ba ta bambance su.

Akwai kuma waɗanda ake yi wa laƙabi da magnum, irin su 7mm Remington Magnum na 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963, masu babban kwanso da albarushi mai yawa. Suna da amfani ga mai harbi daga nesa a tsaunuka ko buɗaɗɗen fili, amma a nan ne gizo ke saƙar, domin duk ƙarin ƙarfin da harsashi ya fita da shi ta gaba, kafaɗar mai harbi ce ke biyan kuɗinsa ta baya. A bindigogi masu nauyi ɗaya, dukan da .243 ke yi wa kafaɗa kusan rabin na .30-06 ne, na .300 Winchester Magnum ya ɗara na .30-06 da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye, na .375 kuwa ya kusa ninka shi. An daɗe da lura cewa .30-06 shi ne kusan iyakar abin da mutum mai matsakaicin horo zai yi ta harbawa ba tare da jikinsa ya fara gudun bindigar ba.

Wannan gudun da jiki ke yi shi ne ciwon da ya fi ɓata harbi, kuma mai shi ba ya sanin yana da shi. Na taɓa tsayawa a filin gwajin harbi ina kallon wani mutum mai ƙarfi, wanda ya zo da sabuwar .300 yana ƙorafin cewa madubin saitinta, wato madubin hangen nesa da ake leƙawa a auna abin harbi, shi ne ba shi da kyau, tunda harsasansa suna ta warwatsuwa ƙasa da inda ya auna. Mai koyar da shi ya karɓi bindigar, ya juya baya, ya cusa harsashin wofi wanda ba shi da albarushi a tsakanin na gaske, sannan ya miƙa masa. Ya harba na farko da na biyu, da ya zo kan na wofin sai kunama ta yi ƙaras ba tare da ƙara ba, amma duk muka ga idonsa ya runtse, kafaɗarsa ta zaburo gaba, bakin bindigar ya duƙa ƙasa da kusan faɗin yatsa biyu. Jikinsa ya riga ya koyi tarar dukan kafin ya iso. Motsin milimita biyu kacal a bakin bututu yana iya kai harsashi wajen santimita ashirin ko fiye daga inda aka nufa a nisan mita 100, alhali duk faɗin wurin da zuciya da huhun barewa suke bai wuce santimita ashirin zuwa ashirin da biyar ba. Da aka ba mutumin nan wata .308 mai ɗan nauyi, aka sa masa abin toshe kunne mai kyau, kafin la'asar harsasansa uku suna shiga wurin da tafin hannu zai rufe. Saboda irin wannan ne nake ganin cewa shawarar da ta fi cutar da sabon mafarauci ita ce a ce masa ya sayi mafi ƙarfi domin ya huta, tunda harsashi mai matsakaicin ƙarfi da ya shiga huhu ya fi babban da ya shiga tumbi sau dubu.

Ana yawan kafa hujja da Bature ɗan Sikotilan, W.D.M. Bell, wanda a farkon ƙarni na ashirin ya kashe giwaye sama da dubu a gabashi da tsakiyar Afirka, mafi yawansu da ɗan ƙaramin 7x57. Labarin gaskiya ne, kuma yana nuna cewa wurin da harsashi ya shiga ya fi girmansa muhimmanci. Sai dai mutumin ya yi nazarin ƙoƙon kan giwa har ya san ta inda ake isa ƙwaƙwalwa daga kowace kusurwa, ya kuma yi aikinsa ne a zamanin da babu dokar da ta hana, zamanin kasuwar hauren giwa da ta yi wa giwayen Afirka mummunar ɓarna. Wanda ya ɗauke shi abin koyi a yau ya saɓa doka, ya kuma jefa ransa da na masu rakiyarsa cikin haɗari.

Ga ɓauna da 'yan ajinta, harsashin da aka fi amincewa da shi a matsayin mafi ƙaranci shi ne .375 na kamfanin Holland & Holland na Landan, wanda ya fito a 1912. Yana jefa ƙwaya mai giram 19.4 da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa, abin da ke ba shi ƙarfin da ya haye ƙa'idar Namibiya da ta Zimbabuwe. Ɗan'uwansa na Jamus, 9.3x62, wanda Otto Bock ya ƙirƙira a Balin a 1905 domin manoman Jamus da ke zaune a Afirka, ya fi shi sauƙi a kafaɗa, kuma yana shiga bindigar Mauser ta yau da kullum ba tare da an tsawaita ta ba, amma ƙarfin wanda ake sayarwa a kanti yakan gaza kai wa waɗancan ƙa'idoji, don haka sai an duba dokar ƙasar da za a je. Sama da su akwai .416 Rigby na 1911 da .458 Winchester Magnum na 1956, waɗanda galibi ƙwararrun masu jagorantar farauta ke riƙewa domin tsayar da dabbar da ta taso. A arewacin Kamaru, a yankunan farauta masu lasin da ke kewaye da gandun dajin Benuwe da Faro da Buba Njida, inda baƙi ke sauka ta Garwa a lokacin rani suna neman ɓauna da gwanki da wata katafariyar barewa da ke kai wa kilo ɗari tara, .375 ce aka fi gani a kafaɗa, saboda ita kaɗai tana iya ɗaukar nauyin dukkan tafiyar.

Wani abu da sabon shiga kan manta shi ne cewa ƙwayar da ke kan harsashi ita kaɗai ce ke taɓa dabbar, kuma ƙirarta ta fi lambar da ke jikin kwali tasiri. Ƙwayar farauta ta gargajiya dalma ce da aka sanya wa rigar jan ƙarfe, an bar kanta a buɗe domin ta baje kamar laima idan ta shiga nama. Wannan ya isa ga barewa, amma idan gudun ya yi yawa ko ƙashin ya yi kauri, rigar kan rabu da dalmar, ƙwayar ta tarwatse kafin ta kai ga huhu. Irin haka ya faru da wani Ba'amurke, John Nosler, a 1946 a Kanada, lokacin da harsasansa suka kasa ratsa kafaɗar wata katuwar dabba da ta yi birgima cikin taɓo, abin da ya sa ya ƙera ƙwaya mai shamaki a tsakiya, wadda gabanta ke bajewa, bayanta kuma ya ci gaba da kutsawa, ya fara sayar da ita a 1948. Daga baya aka samu waɗanda aka narka dalmarsu ta manne da rigar, sannan a 1989 kamfanin Barnes ya fito da ta jan ƙarfe zalla. Wannan ta ƙarshen ta ƙara samun kasuwa saboda dalma guba ce ga ungulu da sauran tsuntsayen da ke cin ragowar gawa, har jihar Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019. Ga giwa da dorina kuwa, ƙwaya daskararriya wadda ba ta bajewa ake so, domin abin nema shi ne ratsa ƙashi a miƙe.

Sai bayan duk wannan ake zuwa kan ita kanta bindigar, kuma babbar muhawarar da ke tsakanin masana a nan ta shafi yadda sakata ke ɗaukar harsashi. A tsarin Mauser akwai wani dogon farcen ƙarfe a gefen sakatar, wanda ke cafke gindin harsashi tun yana tasowa daga gidansa, ya riƙe shi har ya shiga makwanci, ya kuma fito da shi. A ɗaya tsarin, wanda Remington 700 ta 1962 ta yaɗa, kuma Savage 110 da Tikka suke bi, sakatar tura harsashin kawai take yi a gabanta, sai an kulle ta sannan ɗan ƙaramin farce ya kama shi. Bambancin yana bayyana ne a lokacin firgici. Idan mutum ya tura sakatar rabin hanya, ya rikice ya sake ja baya ya tura, tsarin turawa zai bar harsashi na farko a hanya ya ɗauko na biyu ya cusa a bayansa, bindigar ta cije, alhali tsarin Mauser zai fito da na farkon ya yar. Ga mai jiran barewa a kan dandamali wannan ba wani abin damuwa ba ne, kuma tsarin turawa ya fi arha wajen ƙira, yana kuma daidaita harbi ƙwarai. Amma ga wanda ɓauna ta taso masa daga mita ashirin cikin gamba, daƙiƙa biyun da zai ɓata wajen gyara bindiga su ne duk abin da ya rage masa. Lokacin da Winchester ta sauya Model 70 zuwa tsarin turawa a 1964 domin rage kuɗin ƙira, mafarauta sun yi ta ƙorafi har tsofaffin da aka ƙera kafin shekarar suka yi tsada, kamfanin kuma ya dawo da dogon farcen a farkon shekarun 1990.

Akwai ƙananan abubuwa a jikin sakatar da ake iya ji da hannu a cikin shago. Mai haƙora biyu irin ta Mauser sai an ɗaga hannunta digiri 90, mai haƙora uku kamar Browning X-Bolt digiri 60 ya ishe ta, wanda ke hana yatsa gugar madubin saiti. Makullin tsaro mai matakai uku, irin na Model 70, yana ba da damar cire harsashi daga makwanci alhali kunama tana kulle, kuma wannan abu ne da nake ba wa muhimmanci sosai, domin sau da yawa harbin kuskure a lokacin sauke harsashi yake faruwa, a gefen mota ko a bakin sansani inda mutane suke tsaye. Gidan harsashi mai cirewa yana da saurin sauyawa, amma yana iya suɓucewa ya faɗi cikin ciyawa, shi ya sa masu farautar dabbobi masu haɗari suka fi son wanda aka gina a jikin bindigar.

Kunama ta cancanci a tsaya a kanta. Wadda ta yi tauri tana sa hannu ya karkatar da bindigar kafin ta tashi, wadda ta yi laushi fiye da kima kuma tana iya tashi da yatsan da sanyi ko fargaba ya sa yake rawa. Matsin da ya kai kilo ɗaya da ɗigo biyu zuwa ɗaya da rabi shi ne aka fi yarda da shi a farauta, amma abin da ya fi nauyin muhimmanci shi ne ta karye tsaf kamar busasshen tsinke, ba tare da ja ko gurzawa ba. A da sai an kai wa maƙeri ya gyara, amma tun da Savage ta fito da kunamarta mai suna AccuTrigger a farkon shekarun 2000, hatta bindigogi masu arha irin su Ruger American sun zo da kunama mai kyau.

Tsawon bututu da nauyi ciniki ne na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Santimita 56 zuwa 61 ya wadaci harsasai irin su .308 da .30-06, magnum kuma yana son 61 zuwa 66 domin albarushinsa ya gama ci. Duk santimita biyu da rabi da aka rage yana cin gudun mita shida zuwa goma a daƙiƙa, hasarar da ba ta kai wahalar jan doguwar bindiga cikin sarƙaƙƙiya ba. Bindiga mara nauyi tana da daɗin ɗauka a kan tudu, amma tana dukan kafaɗa da ƙarfi, kuma ba ta tsayawa cik idan numfashi ya hau. Kusan kilo huɗu tare da madubi da maratayi shi ne matsakaici, .375 kuwa gara ta kai huɗu da rabi. Ƙotar katakon goron Turawa tana da kyan gani, sai dai duk wanda ya san yadda ƙofar katako ke cijewa da damina ta saki da hunturu ya san abin da ke faruwa da ita, domin idan ta kumbura ta taɓa bututu, inda harsashi ke faɗawa sai ya gusa. Ƙotar roba mai ƙarfi ko ta katako mai hawa-hawa da aka manne ba ta wannan, kuma a kowane hali ana so bututun ya kasance a sake, ta yadda takarda za ta zarce tsakaninsa da ƙota tun daga gaba har kusa da gindi. Hanyar gane ko ƙotar ta dace da jiki mai sauƙi ce: mutum ya rufe ido, ya ɗora bindigar a kafaɗa da irin tufafin da zai sa a daji, ya buɗe ido, idan ya ga cikakken da'irar madubi ba tare da ya miƙa wuya ko ya janye kai ba, to ta zauna masa.

Kamfanoni da yawa yanzu suna alƙawarin cewa harsasai uku za su shiga cikin da'irar kusan santimita uku a mita 100, kamar yadda Tikka da Sako na ƙasar Finlan suke yi. Alƙawarin yana da kyau, amma a kan teburi da buhun yashi ake cika shi, kuma bindigar da ke tara harsasai cikin santimita biyar ma ta fi ƙarfin abin da yawancin mutane za su iya yi a tsaye a kan sandunan jingina da bugun zuciya a kunne. Kuɗin da za a ƙara domin rage santimita ɗaya gara a kashe shi a kan madubin saiti da maɗaurinsa. Mai ƙara girma daga ninki 3 zuwa 9 ya isa ga kusan duk farautar barewa da gwanki, ga ɓauna kuwa ana son wanda ke farawa daga ninki 1 ko 1.5 domin a ga dabbar gaba ɗayanta idan ta matso, kuma dole tazarar ido da madubi ta kai santimita takwas zuwa goma, in ba haka ba bakin madubin zai tsaga gira a lokacin da bindigar ta yi baya. Araha ba ta ado a wannan wuri, domin madubin da saitinsa ke gocewa bayan harbi ashirin ya mayar da bindiga mai tsada sanda.

Samuwar harsashi ma ta shiga lissafi. Wanda jakarsa ta ɓace a filin jirgi zai iya samun .308 ko .30-06 ko .375 a kusan kowane garin farauta daga Windhuk ta Namibiya zuwa Alaska, amma sabon harsashin da ake yayi bana ba lallai ne a same shi ba. Doka kuma tana iya juya zaɓin gaba ɗaya. Faransa ta daɗe tana hana mafarautanta harsasan da aka ɗauka na soja ne, ciki har da .308 da .30-06, sai a 2013 aka sassauta, wanda ya sa 7x64 ya yi kaka-gida a can. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogi masu faɗin milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303 cikin makaman soja da ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa, sauran bindigogin farauta na zamani suna buƙatar lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuma izininta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ke nan harsasan da suka fi farin jini a duniya faɗinsu ya faɗa cikin jerin da aka tsananta a can. Lasin bindiga kuma daban yake da izinin farauta, sannan gandun daji irin na Yankari, wanda aka keɓe tun 1956, ba wurin harbi ba ne ga kowa.

Bayan an saya, sauran aikin na filin gwaji ne. Ana saita madubi da ainihin harsashin da za a fita da shi, ba wani mai kama da shi ba, domin ƙwayoyi biyu masu nauyi ɗaya daga kamfanoni daban suna iya faɗawa wurare daban da tazarar yatsu uku ko huɗu. Mai .30-06 da ya saita harsashinsa ya faɗi santimita huɗu zuwa biyar sama da tsakiya a mita 100 zai same shi daidai a wajen mita 180 zuwa 200, kuma ba ya buƙatar wani lissafi a duk nisan da ke ƙasa da haka. Daga nan sai a bar teburi, a koma harbi a tsaye da durƙushe da kan sanduna, ana jan sakatar da ƙarfi har ƙarshenta ba tare da sauke bindigar daga kafaɗa ba, ana kuma toshe kunne a kowane harbi, tunda ƙarar irin waɗannan bindigogi tana haura desibel 150, matakin da ke lalata ji ko da sau ɗaya ne. A ƙasa mai ƙura ba a cika wa sakata mai, domin mai da ƙurar hunturu idan suka haɗu sukan zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu a cikin hanyarta, shafa kaɗan da tsumma ya isa. Duk lokacin da bindigar ta yi doguwar tafiya a jirgi ko a bayan mota kan hanya mai gargada, masu jagorantar farauta a Kamaru da Namibiya ba sa barin baƙo ya shiga daji sai ya harba biyu ko uku a takarda da safiyar farko, an ga inda suka faɗa.